Ƙwayar ciwon sukari: mu san sunanta kafin mu haɗiye ta

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, ciwon sukari ya daina zama ciwon alhazan birni. Ya shigo ƙauyukanmu, daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza har Illela. Mutane da yawa suna shan ƙwaya kullum. Amma idan muka tambayi mutum sunan ƙwayarsa, sai ya ce: "Fara ce." To, farar ƙwaya tana da yawa.

A ranin da ya wuce, wani ɗalibinmu na yaƙi da jahilci ya faɗi a garkarsa ta albasa, kusa da Galmi. Ya sha ƙwayarsa da asuba, ya fita ban ruwa bai karya kumallo ba. Da hantsi zufa ta karyo masa, jiki yana rawa, magana ta rikice. Maƙwabta suka ce iskoki ne. Allah ya taimaka ɗansa ya kai shi likita a kan babur. Da aka auna jininsa, sai aka ga sukari ya yi ƙasa ƙwarai. Maganin ba shi da laifi. An sha shi ne babu abinci a ciki.

Ƙwayoyin da aka fi bayarwa a likitocinmu iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko sunanta Glibenclamide. A wasu kwalaye an rubuta Daonil. Yawanci za mu ga lamba 5 mg. Ita ce ɗalibin namu ya sha. Tana tilasta wa jiki ya sauke sukarin jini, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Saboda haka ana shan ta ne dab da cin abinci. Wanda ya haɗiye ta, abinci ya zama wajibi a kansa, balle mai huɗa ko mai ban ruwa. Tsofaffi su ne suka fi shiga haɗari. Alamun faɗuwar sukari su ne zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani, faɗuwar gaba da jiri. Da zarar an ji su, a tauna ƙwayar sukari 3, ko a sha cokali guda na zuma, sannan a ci abinci. Kada mai ciwon sukari ya ji kunyar sa sukari a aljihu idan zai tafi gona. Idan kuwa mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A gaggauta kai shi likita.

Ta biyu sunanta Metformine, ko Glucophage. Lambarta 500, 850 ko 1000 mg. Ita ana shan ta cikin cin abinci ko bayansa. A kwanakin farko takan ɓata ciki, har wasu su jefar da ita. Sau da yawa cikin yakan saba. Amma ranar da amai da zawo suka kama mutum har jiki ya bushe, a dakatar da ita, a je wurin majo a ranar. Mai ciwon ƙoda da mace mai ciki su faɗa wa likita halinsu tun farko.

Akwai kuskuren da ya fi damunmu. Mutum ya sha magani wata biyu, ƙishirwa ta tafi, yawan fitsarin dare ya ragu, sai ya ce ya warke. Bai warke ba. Ƙwayar tana riƙe ciwon ne kamar igiya a wuyan sa. Idan aka kwance ta, ciwon yakan koma ɓarna a ɓoye, ya taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Mun san kuɗin magani yana da nauyi, musamman da bazara idan rumbu ya yi ƙasa. Duk da haka ba mu yarda da ƙwayar tire da ake talla a kasuwa ba. Ta wuni a rana, kuma mai tallar bai auna jinin kowa ba. A saya a farmasi ko a likita, da takardar magani a hannu.

Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu don ramuwa. Kada a ba maƙwabci ƙwaya don ciwonku ya yi kama. Mai niyyar azumin Ramadan kuma ya je likita tun a watan Sha'aban, domin sai an sake masa lokutan sha.

Mun roƙi malaman ajujuwanmu su ware darasi guda a wannan wata. Duk mai shan ƙwaya, ko mai jinyar wani a gida, ya zo da kwalin. Za mu karanta sunan tare, harafi bayan harafi. Kowa zai rubuta shi a littafinsa, da lambarsa, da lokacin sha, da ranar da zai koma awon jini.