Kuɗin Taki, Kuɗin Kwance Ɗauri Ne

Duk manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada ya san yadda buhun yuriya ke cin aljihu. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, sinadarin da yake saye a buhun nan, wato naitirojin, shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kaɗawa a gonarsa. Masara na tsaye a cikinsa tsundum, amma ganyenta na yin rawaya don rashinsa.

Dalilin kuwa ɗauri ne. A cikin iska, ƙwayoyin zarra na naitirojin biyu-biyu suke tafiya. Kowace ta kawo ilektiron uku sun yi tarayya, sai ɗaurin ya zama ninki uku, irin wanda da wuya a samu mai ƙarfinsa. Shuka ba ta iya kwance shi. A 1909 Fritz Haber ya gano hanyar kwance shi a Jamus, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a 1913. Aikin na cin zafi da ya kai digiri 400, da matsi mai tsanani, da iskar gas mai yawa. Haka ake yi har yau a masana'antun taki na Lekki da Eleme, kuma wannan wahalar muke biya.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an watsa yuriya a saman ƙasa an tafi. Kafin 'yan kwanaki wani kaso ya zama amoniya ya bi iska. A daure a tona, a binne.

Sannan mu daina raina wake da gyaɗa. Ka tuge gindin wake a kowace gona a Ƙofa, za ka ga 'yan ƙullutai manne da saiwar. Fasa ɗaya da farce, cikinsa jaja-jaja. Bakteriyar da ke ciki na kwance wannan ɗaurin ba wuta ba inji. Iyayenmu da ke shuka wake tsakanin dawa sun ga amfanin abin a gona tun ba a ba shi suna ba.

Ƙorafina na kan yadda ake koyar da darasin wannan ɗaurin a makaranta. Malami ya zana ɗigo da layuka uku a allo, yara su haddace saboda WAEC, alhali yawancinsu daga aji gona suke wucewa. Ina roƙon malaman kimiyya na Bebeji da Kiru, idan damina ta kankama, su shigo aji da saiwar wake da ɗan yuriya a tafin hannu, su fara darasin daga nan.