Ƙyallin Mota: Tsakanin Kare Dukiya da Ɓoye Aibi

  

Kongolam gari ne da yake rayuwa a bakin hanya. Titin da ya taso daga Kano, ya ratsa Kazaure da Daura, a nan yake barin Nijeriya ya nufi Matamaye da Damagaram. Shi ya sa yaranmu kan san sunayen motoci tun kafin su sauke Ahalari. Shekaru masu yawa motocin Kwatano sun yi ta bi ta cikin Nijar suna shigowa Arewa, har zuwa ranar 1 ga Janairun 2017, lokacin da gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu. Hanyar ta sauya, amma kasuwar tsohuwar mota ba ta mutu ba, kuma a cikinta ne da yawa daga samarinmu suke neman halaliyarsu: wannan dillali, wancan mai wanki, wancan kuma mai fenti.

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta ƙaru a kan waɗannan, wato goge jikin mota irin na ƙwararru, sannan a shafe shi da wani ruwa da ake kira siramik, wanda ake cewa yana kare fenti shekara da shekaru. Tana da kasuwa a Kano da Kaduna da Abuja, kuma matasanmu suna ganinta a wayoyinsu: a zuba ruwa a kan bonet, ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Na ji ana muhawara a kanta a majalisa. Wasu na cewa almubazzaranci ne da riya, wasu kuma ba su ga abin tambaya a ciki ba sam. A ganina duka ɓangarorin biyu sun bar wurin da matsalar take.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a hukunta abu sai an san shi, don haka bari mu fara da fentin kansa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, sai launi, sai wani shafe na sama garai-garai da masu fenti ke kira kiliya, shi ne mai ba da ƙyalli, shi ne kuma ke tare rana. Idan daga kamfani motar ta fito, kaurin waɗannan duka bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kusan kaurin takardar littafi ke nan, kuma kiliyar ba ta kai rabin wannan ba. To wannan ɗan siririn abu ne muke sa wa gaba da busasshen tsumma kowace safiya a lokacin hunturu. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, duk gogar da aka yi mata a bushe sai ta bar ƙananan zane, waɗanda za ka gani suna kewaye kamar saƙar gizo idan rana ta haska. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a ƙasar Daura, ga kashin tsuntsu a gindin dalbejiya, ga omo da masu wanki ke kaɗawa a bokiti. Bayan shekara uku ko huɗu sai ka ga jar mota ta koma ruwan hoda, rufinta ya fara saɓa.

Maganin da ake shafawa iri uku ne a taƙaice. Na farko kaki, wanda mafi shahararsa daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Barazil ake samo shi. Yana da kyan ƙyalli, amma makonni ne ko 'yan watanni, a zafinmu ma ya fi saurin tafiya. Na biyu ruwan da aka haɗa a masana'anta, wanda kan kai kamar rabin shekara. Na uku shi ne siramik ɗin, wanda asalinsa sinadarin silika ne, abin da ke cikin yashi da gilashi. Yana kama kiliya ya daskare a kanta, kuma idan an yi aikin da kyau ana kula da shi, yakan kai shekara biyu zuwa biyar. Datti ba ya manne masa sosai, wanki ya yi sauƙi, ruwan da za a saya wurin 'yan garuwa ya ragu. Amma kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Ba ya tare dutsen da tayar tirela ta harbo, ba ya hana ƙaya ko makulli yin zane, kuma bai san akuyar maƙwabta da ta mai da bonet wurin shan hantsi ba. Mafi yawan wahalar aikin ma ba a shafawar take ba, a shirin take: wanki, cire abin da ya maƙale, sannan gogewa da inji, wadda ke kankare wani abu kaɗan daga kiliyar don ta daidaita. Shi ya sa ba aiki ne da za a yi ta maimaitawa ba iyaka ba.

Ni dai ban ga abin haramtawa a nan ba. Kiyaye dukiya yana cikin larurori biyar da malamai irin su Gazali da Shaɗibi suka ce Shari'a ta zo ta tsare, kuma hani ga tozarta dukiya ya tabbata a Buhari da Muslim daga Mugira ɗan Shu'uba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin mota ya tashi ta yadda mai ita a yau bai san ranar da zai iya sake wata ba. Wanda ya kashe kaɗan don ya tsare mai yawa ba za a kira shi mubazzari ba. Batun riya kuwa, a zuciya take. A hadisin Ibn Mas'ud da Muslim ya ruwaito, wani ya tambayi Annabi (SAW) game da son kyakkyawar tufa da takalmi, aka nuna masa wannan daban, girman kai daban, domin shi girman kai ƙin gaskiya ne da raina mutane. Ana samun mai girman kai a kan keke.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar sayarwa. A cikin kayan aikin masu gogen nan akwai wani mai mai maiƙo wanda ba ya gyara zane, cike shi kawai yake yi, ido ya daina gani. Da an yi wanki biyu ko uku da sabulu sai ya tafi, zanen ya dawo yadda yake. Akwai kuma abin da ya fi wannan: ƙofar da ta lotse a haɗari a cike ta da fila, a fesa fenti, a goge har ta saje da sauran jiki; a wanke inji tas don kada a ga inda baƙin mai ke tsiyaya; a feshe kujeru da turare don ya danne warin motar da ta kwana cikin ambaliya. Kada mai karatu ya ɗauka irin waɗannan motoci ƙalilan ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A cikin masu zuwa daga Amurka akwai waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya. Sayen irinsu a gyara ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sayar wa mutum ita a matsayin wadda ba ta taɓa ko ƙwarzane ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce, kuma duk wanda ke zuwa kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ran Lahadi ya san kakarta. Mai saniya ko akuya ya ƙi tatsarta kwana biyu, hantsa ta cika ta yi tsam, mai saye ya zaci mai yawan nono ce, sai ya kai ta gida ya ga abin ba haka ba. Larabawa suna kiran wannan tasriya. Annabi (SAW) ya hana shi, ya kuma bai wa mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha, a wata ruwayar Muslim an ambaci kwana uku. Ku lura da kyau, ya 'yan'uwa: mai dabbar nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Hantsar ce ta yi masa magana. Malaman fiƙihu suka kira irin wannan yaudara ta aiki, suka ba ta hukuncin yaudara ta baki. Man nan da ke ɓoye zane har zuwa wanki na uku, ni ban ga bambancinsa da cikakkiyar hantsa ba, sai dai wannan a kara ake yi, wancan a filin sai da motoci.

Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta kafa ma'auni mai tsauri a babin ciniki: ba algus da ɓoye aibi kaɗai ta hana ba, har da yin shiru a kan duk wani abu da in an faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko ya rage kuɗi. Ka auna motarka da wannan. Shin da ka ce masa an taɓa sake fentin gefen dama, zai rage tayi? In amsar e ce, to faɗar ta zama wajibi.

Na san hujjar 'yan'uwanmu dillalai. Za su ce, “Malam, ga mota nan a fili, ya duba da idonsa, an gani an saya.” Wasu su ƙara da cewa kowa haka yake yi, mai sayen ma ya san an yi wa motar kwalliya. Akwai gaskiya kaɗan a ciki. Wanke mota da goge ta kafin a kai kasuwa ba yaudara ba ce, domin al'ada ta san da shi, kamar yadda mai goro ke yayyafa wa goronsa ruwa. Amma ido da ake cewa ya duba, ai shi aka fara rufewa da ƙyalli. Kuma kalmar “an gani an saya” ba ta wanke mai kaya daga aibin da ya sani ya ɓoye. Iyakar da nake gani ita ce: gyaran da zai bi motar gidan mai saye ya zauna, kuma aka gaya masa an yi shi, wannan kyautatawa ce, wanda aka yi don ya kai ranar ciniki kawai, wannan tasriya ce ko da wane suna aka sa wa kwalbar.

Maganata ta fi zuwa ga samarin da ke koyon sana'ar, domin wasunsu sun zauna gabana a Islamiyya. Idan mai mota ya ce maka, “Rufe mini wannan wurin, jibi mai saye zai zo,” to ka san an gayyace ka tarayya ne, kuma ladan aikinka bai kai nauyin da za ka ɗauka ba. Haka nan a wajen tallar aikinka. Kada ka ce wa mutum siramik na har abada ne, ko wuƙa ba ta kama shi, ko ka shafa masa kaki ka karɓi kuɗin siramik don ka san ba zai gane ba sai bayan wata uku. A hadisin Hakim ɗan Hizam an rataya albarkar ciniki ga gaskiya da bayyanawa, aka rataya gushewarta ga ƙarya da ɓoyewa, kuma mai sai da aiki yana ciki kamar mai sai da kaya.

Wani abu da ke ba ni haushi, ko da yake ya ɗan kauce wa batun: sai ka ga motar haya ana ganin fuska a jikinta, tayoyinta kuwa sun suɗe kamar tafin hannu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Wanda ke ɗaukar rayukan mutane zuwa Daura ko Kano, birki da taya sun riga fenti haƙƙi a kan aljihunsa.

Shi kuma mai saye, kada ya duba mota da magariba ko a ƙarƙashin fitila. Ya fito da ita rana tsaka, ya kalli launin kowace ƙofa kusa da 'yar'uwarta. Ya zo da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle: inda ƙarfe yake zai kama, inda aka lafta fila zai yi sanyi ko ya faɗi. Wasu masu fenti suna da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, wadda ke tona wurin da aka sake fesawa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya sansana, ya leƙa ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa ko busasshen laka. Idan motar daga Amurka ta zo, lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17 tana iya fito da tarihinta a intanet, wani lokaci har da hotunan ranar gwanjo. Sannan ya roƙi a wanke ta da sabulu a gabansa, kuɗin wankin a wuyansa, ya jira ta bushe kafin a fara maganar kuɗi.

Wallahu a'alam.