Kwanciyar rai ba a mudu take ba

Jama'ar kasuwa, duk wadda ta taɓa sarin jan gishirin Tigidda-n-Tesumt, can arewa da Ingal a jihar Agadas, ta san wahalar da ke cikinsa. A kwaɓa ƙasa da ruwan gishiri, a tace, a zuba cikin ƙananan ramuka, sannan a jira rana ta ƙafar da shi. Ruwan sama ya sauko, aikin ya narke. Haka dukiya take.

Ni dai a ganina, abin da ya sa Kirista na gaskiya ke barci ko ciniki bai yi ba ke nan: bai ajiye ransa cikin abin da ke narkewa ba, begensa yana sama wurin Almasihu.

Wasu za su ce ai maganar lahira dabarar rarrashin talaka ce. To, mu tuna watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, abin da ba su da hannu a ciki. Shugabannin Kiristoci suka yi kira da a yafe, ba ramuwa. Wanda aka ƙona wa ɗakin ibada ya yafe, wa ya rarrashe shi?

Amma 'yar'uwa, kada ki ce kina begen sama alhali kina tauye mudu, ko kina ɓuya wa mai binki bashi. Mai saye ba ya ganin zuciyarki, awonki yake kallo.