Sauya Wayar Hannu a Ƙasar Noman Rani: Suna ko Amfani?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasar Kura da Bunkure da maƙwabtansu na Dawakin Kudu ta shahara da noman rani. Shinkafa da alkama da albasa da tumatir su ne dukiyar wannan yanki. Manomin da ya saba da injin ban-ruwa kuwa ya san wata ƙa'ida da ba a koyarwa a aji, wato kafin a sayi inji sai an tabbata akwai mai gyaransa a kusa, kuma tiyon maƙwabci zai shiga bakinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa da wannan ma'auni ya kamata a auna wayar hannu, musamman yanzu da samari ke kai-kawo tsakanin Android da iPhone.

Da farko dai, waya a hannun manomi kayan aiki ce. Tumatir ba ya jiran kowa. Da ita ake jin farashin kwando a Kwanar Gafan, da ita ake neman direban da zai ɗauki kaya zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ciniki da yawa ta waya aka biya shi. Saboda haka wayar da ta mutu da azahar tana iya jawo asarar wahalar wata uku.

Tarihi ma yana da abin da zai koyar a nan. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, Nokia ta yi zamaninta, BlackBerry ta biyo baya har ta zama alamar wayewa. Amma a ƙarshen 2017 WhatsApp ta daina aiki a kan tsarin BlackBerry, a Janairun 2022 kuma kamfanin da kansa ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Waɗanda suka riƙe ta don suna, tilas suka sauya. Ashe tsarin waya ba dangi ba ne balle a ce an ci amanarsa.

To, da me za a auna? Abu na farko shi ne caji. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, rumfar mai caji da cajar aro su ne madogara. Kafin iPhone 15 ta fito a 2023 da bakin USB-C, wayoyin Apple suna da nasu bakin daban, don haka mai tsohuwar iPhone yakan rasa cajar da zai ara a gona. Na biyu shi ne layi. Sabis yakan yi ƙarfi a wani ƙauye ya raunana a wani, shi ya sa Tecno da itel da Infinix, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka karɓu da gurbin layi biyu. Alhali kuwa iPhone ɗin da ake sayarwa a Amurka tun daga 2022 ba ta da gurbin layi ko ɗaya, sai an nemi kamfanin layi ya mayar da lambar eSIM. Na uku, iPhone ba ta karɓar memori, ba ta kama rediyon FM ba tare da data ba, kuma ba ta tura wa Android kaya ta Bluetooth. Ga mutanen da ke musayar karatun malamai da fina-finan Hausa hannu da hannu, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Na huɗu shi ne gyara. In gilas ya fashe, na ƙaramar Android yakan samu a kusa da araha, na iPhone kuwa sau da yawa sai an shiga Kano, kasuwar Farm Centre ko titin Beirut, ga kuɗin mota ga asarar yini.

Duk da haka, adalci ya wajaba. Kamfanin Apple yakan ci gaba da sabunta manhajar wayoyinsa shekaru da dama, ga kyan hoto, ga daraja in an tashi sayarwa. Ƙananan wayoyin Android kuwa sukan cika da wuri, su yi nauyi, su riƙa tsayawa ana tsakiyar tura kuɗi. Ɗan kasuwar shinkafar da ke da sola a gida, yana tallar hajarsa da hotuna, in ya koma iPhone bai yi laifi ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Daɗin daɗawa, sauyin kansa yana da nasa haɗari. Android tana ajiye saƙonnin WhatsApp a Google Drive, iPhone kuma a iCloud, ɗaya ba ta karanta ajiyar ɗaya. Sai a 2022 aka buɗe hanyar ɗauko su daga Android zuwa iPhone, ita ma sai wanda ya sani. Manomin da shaidar bashinsa ke cikin saƙon murya yana iya wayar gari ba hujja. Haka nan iPhone ta hannu wadda mai ita na farko bai cire asusunsa ba tana iya kullewa, ta zama dutse a aljihu.

A taƙaice dai, mai niyyar sauya waya ya fara duba cajar da ke gidansu, da layin da ke kamawa a gonarsu, da nisan mai gyara, kafin ya dubi tambarin da ke bayanta. Ɗalibai kuwa, waɗanda iyaye ke neman shawararsu a kan irin wannan saye, nauyi ne a kansu su faɗi gaskiya ko da ta saɓa wa yayi. Hausawa sun riga sun yanke hukunci: ba girin-girin ba dai, ta yi mai.