Ɗan Kamasho a Cikin Na'ura: Wa Ke Raba 'Yan Wasa a Intanet?

Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ya san cewa direba ba shi ne ke cika motarsa ba. Ɗan kamasho ne ke tsaye a bakin ƙofa, shi ke nuna wa fasinja motar da ke kan layi. Idan ya juya wa mota baya, sai ta wuni ba ta tashi ba, kome kyanta kuwa. To, a duniyar wasannin kwamfuta da ake yi ta intanet akwai irin wannan ɗan kamasho, sai dai shi ba mutum ba ne, tsarin lissafi ne da kamfani ya rubuta. Ra'ayina shi ne, wanda duk ya riƙe wannan ƙofa ya ɗauki amana, kuma bai kamata ya yi hukuncin kan mai uwa da wabi ba.

Bari mu fara da bayani. Idan mutane da yawa za su yi wasa ɗaya daga garuruwa daban-daban, dole a sami wata kwamfuta a tsakiya da za ta riƙa karɓar motsin kowa tana sanar da sauran. Masana suna kiranta saba, amma a nan za mu kira ta dandali, domin aikinta ke nan. Wani dandalin na kamfanin da ya ƙirƙiro wasan ne. Wani kuwa na jama'a ne, watau wasu masu sha'awar wasan ne suka haɗa kuɗi suka yi hayar na'ura, suka kafa dokokinsu, suka naɗa masu sa ido.

Misalin da za mu duba shi ne wasan Team Fortress 2, wanda kamfanin Valve na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 1997 da goma, watau 2007. A farko ɗan wasa da kansa yake duba jerin dandaloli ya zaɓi wanda ya yi masa. A shekarar 2011 aka mai da wasan kyauta, sababbin 'yan wasa suka yi ta tururuwa, sai kamfanin ya kawo wani tsari mai suna Quickplay. Danna maɓalli ɗaya kawai, sai na'ura ta zaɓa maka dandali ta jefa ka ciki.

Ta yaya take zaɓa? Tana ba kowane dandali maki. Abu na farko shi ne jinkirin saƙo tsakaninka da dandalin. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka dandalin da ke nesa da kai da kilomita 1,000 ba zai amsa maka ba a ƙasa da kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, zuwa da dawowa. Abu na biyu shi ne yawan mutanen da ke ciki: an fi son wanda ya kusa cika amma da sauran gurbi, kuma cikar dandali na yau da kullum mutum 24 ne, 12 a kowane ɓangare. Abu na uku shi ne ko masu dandalin sun sauya dokokin wasan. Mai karatu zai lura da wani abu a nan: mai mutane shi ake ƙara wa mutane, wanda babu kowa kuwa sai ya daɗa zama kango.

Daga nan ne talla ta shigo. Hayar na'ura kuɗi take ci kowane wata. Wasan yana da wani allon maraba da ke bayyana da zarar ka shiga dandali, wanda aka yi domin rubuta dokokin wurin, amma yana iya nuna hoto da majigi. Sai kamfanonin talla suka fara biyan masu dandali gwargwadon yawan idanun da suka ga tallarsu. Wannan ya sauya lissafin baki ɗaya. A da, mai dandali yana son ɗan wasan da zai ji daɗi ya dawo gobe. Yanzu kuwa an sami waɗanda ba su damu da dawowar kowa ba, muddin ɗan kamasho zai ci gaba da turo musu sababbin fuskoki.

Sai ha'inci ya biyo baya. Wasu dandaloli suka riƙa cika gurabe da 'yan wasan bogi, watau na'ura ce ke motsa su, suna nuna su kamar mutane ne domin su sami maki. Daidai yake da dabarar zaunar da mutanen da ba matafiya ba a cikin mota don fasinja ya zaci ta kusa tashi. Wasu kuma suka riƙa sake buɗe tallar a ɓoye ana tsakiyar wasa, sai ɗan wasa ya ji murya tana yi masa talla bai san daga inda take fitowa ba.

Kamfanin Valve ya mai da martani mataki-mataki. Ya cire wasu dandalolin da aka kama da ƙarya daga jerinsa. A shekarar 2013 ya hana nuna irin wancan allo mai ɗauke da talla ga wanda Quickplay ya kawo. A watan Janairu na 2014 ya saita tsarin ta yadda zai kai mutum dandalin kamfani kaɗai, sai fa in shi da kansa ya shiga ya sauya saitin. A watan Yuli na 2016 kuwa aka soke Quickplay ɗungurungum, aka maye gurbinsa da tsarin da ba ya kai kowa dandalin jama'a.

Matakai biyu na farko, a ganina, daidai ne. Wanda na'ura ta jefa wani wuri bai zaɓi wurin ba, don haka bai amince a tsare shi da talla ba. Fasinjan da aka rufe wa ƙofa sa'an nan mai tallar magani ya miƙe a kansa, ba ciniki ake yi da shi ba, tilasta masa ake yi. Maƙaryaci kuma korarsa ita ce adalci.

Amma matakai biyu na ƙarshe kuskure ne. Sabon ɗan wasa ba ya taɓa saitin da bai san da shi ba, abin da ya tarar shi yake bi. Da aka rufe wannan ƙofa, dandaloli masu gaskiya da ba su taɓa saka talla ba su ma suka rasa baƙi, da yawansu suka mutu. Wake ɗaya ya ɓata gari, sai aka zubar da garin duka. Asarar ta fito fili daga wajajen shekarar 2020, lokacin da 'yan wasan bogi masu maguɗi suka mamaye dandalolin kamfanin, inda babu mai sa ido na dindindin, har sai da aka yi musu shara a 2024. A tsawon waɗannan shekaru, dandalolin jama'a da suka rage, masu mutane a kansu da ke iya korar ɓata-gari nan take, su ne suka zama mafaka.

Wani zai ce ai wasan na kamfani ne, kuma bin dubban dandaloli ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai tsada. Gaskiya ne. Sai dai jama'ar nan su ne suka yi shekaru suna biyan hayar na'ura, suna zana sababbin filayen wasa, suna koya wa baƙi. Kuma akwai wata hanya. A shekarar 2014 kamfanin Mojang mai wasan Minecraft ya fayyace wa masu dandali ƙa'ida: an yarda da talla, da gudummawa, da kuɗin shiga, amma ba a yarda a sayar wa wani abin da zai ba shi galaba a kan abokan wasansa ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, amma kowa ya san iyakarsa, kuma ƙofa ta kasance a buɗe.

Saboda haka abubuwa uku nake ganin sun wajaba. Na ɗaya, a bayyana ƙa'idar ba da maki kowa ya karanta. Na biyu, dandalin da ke da talla a yi masa alama tun kafin a shiga, tallar ta zama sau ɗaya kuma mai iya rufuwa. Na uku, hukunci ya sauka a kan mai laifi shi kaɗai, a kuma ba shi damar kare kansa.

Ɗalibai, wasu daga cikinku nan gaba ku ne za ku rubuta irin wannan lissafi, wanda zai zaɓa wa mutane labarin da za su karanta ko motar da za su hau. Malamai kuma za su iya gwada darasin a aji: a ba ɗalibai dandaloli biyar na misali, kowace ƙungiya ta tsara nata makin, sa'an nan a duba wane dandali ne ya cika, wanne ne ya zama kango, a kuma tambaye su ko abin da suka yi niyya ke nan.