Karon farko a kujerar jagoran wasa: ka bar abokanka su ja akalar labarin

Daren farko da na zauna a matsayin jagoran wasan Dungeons & Dragons, na zo da littafin rubutu ɗauke da shiri har shafi 22. Na rubuta abin da kowane mugu zai faɗa, na zana taswira da biro kala uku, har sunan kakan mai shagon garin sai da na haddace. Abokaina huɗu suka baje a kan tabarma, na buɗe labari, na ce musu ga amalanken shanu nan an ba su amanar kai shi wani gari. Sai ɗaya daga cikinsu ya gyara zama ya ce, "To malam jagora, idan muka karkata da shanun nan kasuwa, nawa za a saye su?" Wallahi babu wannan a cikin shafi 22 ɗin nan. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce saboda me? Na ce haka labarin yake. Kafin awa guda ya koma latsa wayarsa, kuma sai da na yi wata uku ina lallashi kafin ya sake zama da mu.

Wannan kuskuren nake so na hana wani maimaitawa. Sabon jagora yakan ɗauka cewa nasa ne labarin, sauran kuwa an gayyato su ne su saurara su jefa dayis. Ra'ayin wannan shafi shi ne akasin haka: abin da ke raya wasan shi ne kowane ɗan wasa ya ga cewa shawarar da ya yanke ta canza wani abu. In ka ba su wannan, za su yafe maka duk dokar da ka manta. In ka hana su, iya muryoyinka da kyawun taswirarka ba za su dawo maka da su mako mai zuwa ba.

Bari na yi wa wanda bai san wasan ba bayani a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa da takardar jarumin da yake wakilta, ɗauke da ƙarfinsa da basirarsa da makin ransa. Mutum ɗaya, wato jagora, shi ke bayyana inda suke da abin da suke gani, shi ne kuma bakin duk wanda suka haɗu da shi, daga mai sayar da abinci har zuwa dodon da ke cikin kogo. 'Yan wasa su faɗi abin da suke son yi. Idan abin yana da haɗari, sai a jefa ƙwayar dayis mai fuska 20, a haɗa da makin jarumin, a ga ko ya kai adadin da jagora ya sa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a shekarar 1974, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna TSR. Kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997, kuma bugu na biyar da ya fito a 2014 shi ne ya ja sababbin 'yan wasa da yawa. Wasunku ma a fim mai dogon zango na Stranger Things, wanda aka fara nunawa a Netflix a 2016, suka fara ganin yara sun kewaye tebur suna wannan wasa.

Wanda ya taso yana jin tatsuniya ba baƙo ba ne a nan. Bambancin dai shi ne, a tatsuniya Gizo yana yin abin da mai ba da labari ya ga dama, yara kuma su yi shiru. A wannan wasan kuwa Gizon yana zaune a gabanka da kofin shayi, kuma yana da nasa ra'ayin.

Labarin da na ja a daren nan shi ne Lost Mine of Phandelver, wanda ya zo cikin kwalin koyo na 2014, an kuma tsara shi ne musamman don sababbin shiga, daga mataki na 1 zuwa na 5. A cikin kwalin akwai littafin dokoki mai shafi 32, da littafin labarin mai shafi 64, da jarumai biyar da aka riga aka cike takardunsu, da dayis shida. Ka lura da wannan shafi 32 ɗin. Babban littafin 'yan wasa ya haura shafi 300, amma masu wasan da kansu sun ga cewa kashi ɗaya cikin goma ya isa a fara. Saboda haka wanda ke cewa sai ya haddace komai kafin ya kira abokansa, tsoro ne kawai yake wa ado. Da koyo akan iya.

Abin da kake buƙata a ka ba shi da yawa. Abu mai sauƙi adadinsa 10, matsakaici 15, mai wuya 20. Kowace fuska ta dayis ɗin tana da kashi 5 cikin 100, don haka jarumi mai ƙarin maki 3 da ke neman 15 sai ya jefa 12 ko sama, damarsa kashi 45 cikin 100 ke nan. In ka riƙe wannan lissafin, za ka iya yanke hukunci a kan kusan duk abin da aka jefo maka. Idan gardama ta tashi a kan wata doka, kada ka tsayar da wasa kana buɗe shafuka minti goma. Ka ce, "Yau ga yadda za mu yi, gobe zan duba." Ka kuma duba ɗin, in ka yi kuskure ka faɗa musu a zama na gaba. Ba wanda zai raina ka don haka.

Yanzu mu koma kan shanun nan. A labarin, wani wada mai suna Gundren Rockseeker ne ya ɗauki jaruman haya su kai kaya daga birnin Neverwinter zuwa garin Phandalin, a biya kowa zinare goma. Me ya kamata na yi da tambayar abokina? Na ce masa, "Za ka iya, amma ka sani mai shagon da ke jiran kayan ya san sunanku, kuma garin ƙarami ne." Shi ke nan, na bar masa zaɓi. In ya sayar, ya samu kuɗi ya kuma samu maƙiyi, labari ya ƙara daɗi. In ya fasa, shi ne ya fasa da kansa. Kalmar "ba zai yiwu ba" tana rufe ƙofa, ita kuwa "za ka iya, amma ga abin da zai biyo baya" tana mayar masa da nauyin shawarar, kuma wannan nauyin shi ne ɗanɗanon wasan.

Na san wani zai ce, ai in aka saki kowa ya yi abin da ya ga dama, wasan zai zama kasuwar ƙauye, a watse ba a cimma komai ba. Akwai gaskiya a maganar. Jagoran da bai shirya komai ba shi ma yana cutar abokansa, domin za su yi ta laluben abin yi har barci ya ɗauke su. Maganin shi ne ka canza abin da kake shiryawa. Maimakon ka rubuta cewa za su yi kaza sannan su yi kaza, ka rubuta su wa ke wurin, me kowannensu yake so, me kuma zai yi in ba a tare shi ba. 'Yan dabar da ke addabar Phandalin suna son su ci gaba da karɓar kuɗi a hannun masu shaguna. In ka san wannan, to ko jarumanka sun yaƙe su, ko sun nemi shiga cikinsu, ko sun yi kamar ba su gan su ba, ka san yadda za su mayar da martani. Wannan shirin bai fi shafi ɗaya ba, kuma ba ya lalacewa don wani ya bi ta hagu maimakon dama. Ka ƙara da jerin sunaye kamar goma a gefen takarda, saboda tabbas za su tambaye ka sunan yaron da ke ba dawaki ruwa.

Haka ma batun alamu. Wani marubucin harkar wasannin nan, Justin Alexander, ya shahara da wata shawara: duk abin da dole sai 'yan wasa sun gano shi kafin labari ya ci gaba, to ka ajiye masa alamu aƙalla uku. Dalili kuwa, za su iya wuce ta farko ba su gani ba, su yi wa ta biyu mummunar fahimta. Kada ka rataye dukkan dare a kan jifa ɗaya. In dayis ya ba da 2, shin wasa ya ƙare ke nan?

Sai kuma faɗan farko, wanda ya sha ba sababbin jagorori kunya. A kan hanya jaruman za su tarar da matattun dawaki biyu, sannan wasu ƙananan dodanni huɗu da ake kira goblin su far musu daga cikin daji. A takarda ba su da wani kwarjini, makin ran kowanne 7 ne kacal. Amma saransu ɗaya yana cire maki 3 zuwa 8, alhali mai sihiri a mataki na 1 yawanci makin ransa bai wuce 6 zuwa 8 ba. Sara ɗaya mai kyau, ya faɗi. Ka yi tunanin yarinyar da ta ɓata awa guda tana zaɓar wa jarumarta suna da tarihi, minti goma da farawa a ce mata ta mutu, ta koma 'yar kallo. Wa zai dawo bayan wannan? Littafin da kansa ya tanadi mafita, cewa idan dodannin suka yi nasara za su kwashe kaya ne su bar jaruman a sume. Faɗuwar ta zama asara mai zafi da kuma dalilin bin sawu. Kai ma kana da ikon sa dodanni su tsere idan biyu daga cikinsu suka faɗi, domin ba kowane mugu ne ke son mutuwa a kan buhun gari ba.

Akwai wani tsoron da intanet ta ƙara wa sababbin jagorori. Tun 2015 ake nuna shirin Critical Role, inda Matthew Mercer ya daɗe yana jan wasa da muryoyi iri-iri kamar ana kallon fim. Ka kalla ka ƙaru, amma ka tuna shi da abokan wasansa ƙwararrun masu sa murya ne a fina-finan zane da wasannin bidiyo, sana'arsu ke nan. Kai ɗalibi ne ko ɗan kasuwa da ya sami daren Asabar. In ba ka iya canza murya ba, ka ce, "Tsohon ya yi magana a hankali yana kallon ƙasa." Ya wadatar.

Kafin a fara jefa dayis, ku ware rabin awa ku yi magana. Wane irin wasa ake so, na faɗa ko na bincike ko na barkwanci? Ƙarfe nawa za a tashi? Mene ne ba a so a taɓo? Wani ya rasa ɗan'uwa a hanya, ba zai ji daɗin dogon bayanin kwanton ɓauna da jini ba, kuma ba lallai ne ya faɗa a gaban jama'a ba, don haka ka ba kowa damar ya same ka a gefe. A nan ne kuma za ku warware maganar dayis. A gidaje da yawa a wajenmu, da an ga ƙwayar dayis sai a tuna caca. A wannan wasan ba a sa ko sisi, ba mai ci ba wanda ake cinyewa, amma kada ka tsaya jayayya da Baba a tsakar gidansa. Ka yi masa bayani cikin ladabi, in hankalinsa bai kwanta ba ku yanka takardu 20 ku rubuta lambobi ku zuba a hula, kowa ya zara ya mayar. Lissafin bai canza ba. Wannan dabarar ma ta taimaki wanda bai da kuɗin sayen kwalin, tunda kamfanin ya saki dokokin farko kyauta a intanet tun 2014.

Abu na ƙarshe, kuma a wurina ya fi duk sauran nauyi: ka sa ido a kan wanda ya yi shiru. A kowane zama akwai mai baki, wanda zai amsa kafin ka rufe naka, akwai kuma mai kunya da ke da dabara amma ba ya samun sarari. Aikinka ne ka juya ka ce, "Ke fa, me jarumarki take yi yanzu?" sannan ka jira amsa, ko da za a yi shiru na ɗan lokaci. Mutum huɗu sun ajiye wayoyinsu sun ba ka awa uku na rayuwarsu, a zamanin da zama a kalli juna ya yi wuya. Amana ce, kuma ba mai surutu kaɗai ya ba ka ita ba.

Ku tashi tun ana jin daɗi, a daidai bakin kogo, kafin hamma ta fara. Sannan ka tambayi kowa abu ɗaya da ya fi burge shi da abu ɗaya da yake son gani nan gaba. Amsoshinsu su ne rabin shirinka na mako mai zuwa.

Abokin nan nawa da ya dawo, na sake ɗora su a kan amalanken, ya kuma sake yin tambayarsa yana murmushi don ya gwada ni. Na ce masa kasuwa na nan gabas, tafiyar rabin yini. Ya sayar da sa ɗaya, ɗayan ya kasa jan kayan shi kaɗai, suka ƙarasa Phandalin da buhuna a ka, mai shago kuma ya zaftare musu lada. Har yau in muka haɗu maganar san nan ake yi, ba wanda ya taɓa tambaya ta sunan kakan mai shago. In kana da abokai huɗu da daren da ba ku da abin yi, ka karanta shafi 32 ɗin nan, ka rubuta shafi ɗaya naka, ka kira su.