Zirin Ayyuka: Bakin Allo Ne Mazauninsa

Duk wanda ya kunna kwamfuta yakan ga wani siririn ziri a gindin allo, jere da 'yan alamomin manhajoji. Kamfanin Microsoft ya fito da nasa cikin Windows 95 a shekarar 1995, Apple kuma ya sa nasa mai suna Dock cikin Mac OS X a 2001. Har yanzu masu tsara manhaja suna ja-in-ja a kan yadda ya kamata zirin nan ya zauna da tagogin da mutum yake aiki a cikinsu.

Abin da ya fi dacewa shi ne zirin ya manne da bakin allo, ya kuma tsaya wuri guda. Akwai hujjar kimiyya a nan. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. To, kibiyar linzami ba ta iya ƙetare bakin allo. Ko da ƙarfi aka wurga ta, nan za ta tsaya. Saboda haka maɓallin da ya manne da baki, balle wanda yake kusurwa, ba ya bukatar saiti, hannu yakan same shi ido na kan rubutu. Zirin da aka ɗaga ya yi shawagi don ƙawa, har danna bakin ya daina aiki, ya zubar da wannan garaɓasa.

Windows 11 ta 2021 ta mayar da alamomin tsakiya. Sun yi kyan gani, amma duk sa'ad da aka buɗe wata manhaja sai jerin ya gusa, har da maɓallin Start. Hannun da ya saba da wuri dole ya koma lalube.

Batun zama da tagogi kuwa, kowa ya tsaya a gonarsa. Zirin da ya hau kan taga yakan rufe layin ƙarshe na rubutu ko maɓallin da ake nema. Wasu sun ce maganin shi ne zirin ya riƙa ɓuya sai an kai kibiya, sai dai irin wannan yakan faɗo ba a kira shi ba, kuma ɗalibi sabon shiga ba ya sanin abin da yake buɗe.

Gaskiya ne wuri yana da tsada. Ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa allonsu ɗigo 1366 ne a faɗi, 768 a tsaye, rubutu kuma daga sama yake gangarowa. Malamin da yake shirya ɗakin kwamfuta, in tsarin ya ba da dama, gara ya tsayar da zirin a gefen hagu, kamar yadda Ubuntu yake fitowa da nasa. A can faɗi ya yi rara, kuma shafin ɗalibi zai sami ƙarin layuka.